Ƙidayar Kwasakwasa

A wani daji can bayan duwatsu akwai wani tafki. Wata bazara labari ya bazu a bakinsa cewa kifi ya yi yawa har ya rasa wurin juyawa. Kwaɗi na faɗa, balbelu na ƙara gishiri. Wai saboda haka majalisa za ta buɗe gurbi a yi su, wato kamun kifi na gayya, gurbin nan da kifi ke hayayyafa a ciki, wanda tun zamanin kakanni ba a taɓa shi sai damina ta zauna.

Gwaggo Kififiya ta ji labarin tana shan hantsi a kan kututture. Ta tsufa, ta wuce gaskata magana don kawai an faɗe ta da ƙarfi. Kwananta tara ba ta ci karo da ko ɗan karfasa ba. Ga shi ita ba fukafuki gare ta ba. Idan kifi ya ƙare, manyan majalisa su tashi sama su nemi wani tafkin, ita kuwa a nan za ta bushe cikin ƙoƙon bayanta. Ta sauko ta rarrafa zuwa gindin giyayya, inda ake zama.

Sarkin Ruwa Kada na kwance, ido rabi a rufe. Malam Zalɓe, magatakarda, yana tsaye da ƙafa ɗaya yana jawabi. Kusa da shi Kwasakwasa ne, tsuntsun nan mai jaka a ƙasan baki, shugaban kwamitin ƙidaya, wanda wuyansa ya yi kauri a 'yan kwanakin nan.

Zalɓe ya ce, "Ranka ya daɗe, jama'a ba su manta abin kunyar bara ba. Muka sa Agwagwa ta ƙirga kifi da ido, ashe tarwaɗa ɗaya ce mai guntun gashin baki take kai-komo, aka ƙirga ta sau ɗari biyu. Har tafkunan maƙwabta sai da suka yi mana dariya. Bana mun gyara. Kwamiti ya zauna wata biyu ya fito da tsari: duk kifin da aka ƙirga a haɗiye shi nan take, don kada a sake ƙirga shi. Da wannan tsari aka samu dubu huɗu da ɗari uku da goma sha biyu, ba a maimaita ko ɗaya ba."

Aka yi ta kaɗa fukafukai.

Gwaggo ta miƙo wuya ta ce, "Malam, tambayar jahila zan yi. Dubu huɗun nan yanzu suna ina?"

"Suna cikin rahoto, Gwaggo."

"A ruwa nake nufi."

"Ba a ɗora wa kwamiti binciken ruwa ba. Kifi aka ce ya ƙirga."

Kwasakwasa ya yi gyatsa, ya nemi gafara, ya ce aiki ne ya yi masa yawa.

Kada ya buɗe ido ɗaya ya ce, "Gwaggo, in kina da wani adadin ki kawo gobe. In babu, jibi a yi su."

Ta wuni tana ninƙaya. Ta bi ciyayi, ta bi saiwar bado, ta tona laka. Gaiwa kaɗai ta tarar a binne, ita ma ta ce kada a tashe ta sai an yi ruwa. Daga ƙarshe ta shiga gurbi, wanda bazara ta shanye rabinsa. A ƙarƙashin wata saiwa ta ga karfasa sun taru, duk mata, kowace bakinta cike da ƙwai kamar yadda suke renonsu. Ta gaishe su, babu halin amsawa, suka kaɗa mata jela. Ta ƙirga daga dama, ta ƙirga daga hagu, goma sha ɗaya. Ta haɗiye yawu ta juya. A zuciyarta ta ce majalisa na jin wannan adadi za ta tsorata.

Washegari ta tsaya gaban Kada ta ce, "Ranka ya daɗe, na kewaye tafkin nan da ƙafafuna huɗu. Abin da ya rage karfasa goma sha ɗaya ne, suna ƙarƙashin saiwa a gurbi, kowace da ɗaruruwan ƙwai a baki. In an bar su zuwa damina, baɗi kowa zai ci. In aka yi su gobe, shi ke nan."

Sai Zalɓe ya sauya ƙafa.

"Da me kika ƙirga, Gwaggo?"

"Da idona."

"Kin haɗiye su?"

"Da na haɗiye su, me zan zo in roƙa a bari?"

"To ai ba a ƙirga su ba ke nan. Wa ya sani ko karfasa ɗaya ce ke zagaya saiwa? Irin aikin Agwagwa kika yi."

Kada, wanda ake yabo da adalci, ya ce, "Ba za a ƙaryata tsohuwa babu bincike ba. An dakatar da yin su. Kwasakwasa, je ka tabbatar mana da maganarta bisa tsari."

Gwaggo ta ce a tsaya, amma kaɗa fukafukai ya danne muryarta. Ta juya ta nufi ruwa da iyakar gudunta. Ba ta kai ga jiƙa ƙafa ba Kwasakwasa ya dawo ya sauka, ruwa na ɗiga daga bakinsa.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, Gwaggo ta yi gaskiya. Goma sha ɗaya ne cif."

Zalɓe ya rubuta. Majalisa ta gode wa Gwaggo bisa kishinta, ta kafa doka aka kulle gurbi, aka sa masa masu gadi uku. Daga ranar har yau ba a sake kama kifi ko ɗaya a tafkin ba.