Kiyashi a Kan Faikobilisom

Duk abin da zan manta na zaman kwalejin Ƙaura, ba zan taɓa mantawa da ranar da na yi rawa gaban aji ba. Wani kwas ne na ilimin halittu, ya riga ya kayar da ni sau ɗaya, in na sake faɗuwa sai maimaita shekara.

Malam ya ce kowa ya gina samfurin faikobilisom, wato tarkon haske na sayanobakteriya, ƙwayoyin halittar nan da ke sa ruwan tafki ya yi kore. Abin yana da cibiya, sai sanduna da suka baje daga jikinta, kowace sanda ƴan faya-fayan furotin ne a jere. Na bakin sanda su cafke hasken rana, su miƙa ƙarfinsa ciki-ciki har cibiya.

Mutane suka nemi kwali da roba. Ni kuwa sarkin dabara, na tafi garinmu Katuru na sa Inna ta murza mini ƙuli-ƙuli mai zobe.

"Wanga shi na karatun naku?" in ji ta.

Na zura zobban a tsinken tsintsiya, na shafa musu bula, na yi cibiya da mazarƙwaila. Na ɗora a faranti, na rufe da zane na tura ƙarƙashin gado (wai kada a sace mini fasaha).

Ranar gabatarwa na ɗauki farantin, na yaye zanen da alfahari. Kiyashi! Sun jeru a kan sandunan, kowa ya nufi mazarƙwaila. Malam ya matso ya gyara tabarau.

"Madalla. Yau na ga samfurin da ƙarfi ke tafiya cikinai da ƙafahu. Ci gaba, kuma kada ka aje."

Na fara bayani, kiyashin kuma suka bi hannun rigata. Ina cewa "daga baki zuwa cibiya" suka isa hammata. Na karkace, na ɗaga kafaɗa, na buga ƙafa, farantin na hannuna. Ƴan aji har da masu yi mini kiɗa a tebur. Wallahi na so ƙasa ta tsage, amma ban ajiye ba sai da na kai ƙarshe.

Na ci kwas ɗin da ƙyar. Yanzu Inna ta rasu, ƴan ajin sun watse, kuma ina kewarsu duka. Darasin dai na riƙe shi: in za ka yi ilimi da abinci, ka sani ba kai kaɗai za ka zo ajin ba.