Mantau da Izgar Gogen Marigayi

A Tudun Baure akwai gidan Tabawa, matar da mijinta makaɗi ya rasu ya bar mata abu biyu: gogensa, da ƙanensa Mantau. Gogen kuwa duk yankin babu mai muryarsa. Mantau ya yi furfura a gemu, ƙarfi kamar na sa, amma abin da aka faɗa masa shi zai yi, ba ragi ba ƙari. Tabawa ta rantse gogen ba zai bar gidan ba sai da kuɗin tumaki biyu, don da su za ta fara kiwon da zai riƙe su. Ga Nomau mai goge ya aiko zai zo gwaji ran kasuwa don ya saya, ga izgar bakan da ake goga shi da ita duk ta zube.

Wata rana ta ce, "Mantau, je ka samo izgar farin doki. Doguwa nake so, kada ka bari a rage mata tsawo." Kafin azahar sai ga shi da dokin sukutum, mai dokin na biye da gudu, takalmi a hannu. "Yaya, ga ta, ko kaɗan ba a rage ba." Kafin a gama bayani dokin ya cinye dusar da ke tsakar gida. Tabawa ta riƙe ƙugu ta ce dusarta ba ta sadaka ba ce. Aka yi ta ja, mai doki ya tafi, wutsiyar dokinsa ta ragu da damƙa guda.

Wata rana ta ƙulla izgar a bakan, ta miƙa wa Mantau bakin igiyar ƙullin. "Yi ta ja har sai na ce ya isa." Sai mai nono ta yi sallama, Tabawa ta fita ciniki. Ita kuwa ba ta taɓa gama cinikin nono a tsaye ba, sai an zauna. Da ta dawo ta tarar da Mantau gumi sharkaf, bakan ya lanƙwashe har bakinsa biyu na gaisawa, izga na tsinkewa ɗaya bayan ɗaya.

"Ba ka ji tana tsinkewa ba?"

"Na ji, Yaya. Ke ce ban ji ba."

Ta tattara abin da ya saura ta sake ɗaurawa, ta nuna masa awon marigayi. "Danna tsakiya da babban yatsa. Ta lotsa zuwa gindin farce, shi ke nan. In ta wuce ta yi sako-sako, goge zai yi kukan mura. Duk wanda ya taɓa ta, ka sake aunawa."

Wata rana kaza ta bi ta kan izgar, ya auna. Ƙuda ya sauka, ya auna. Ya tuna ai shi ma ya taɓa, ya sake aunawa. Tuwonsa ya huce a akushi, kazar ta dawo ta cinye.

Wata rana, ran kasuwa, Nomau ya iso. Zaure ya cika, mata na leƙe ta katanga, Tabawa ta ɗaura zanen sallarta. Nomau ya juya bakan a hannu yana ta yabon marigayi, ya shafa wa izgar ƙaro, ya goga. Wani gurnani ya fito kamar ƙofa mai tsatsa.

"Ayya, uwar gida," in ji shi, "muryar ta bi mai ita. Don zumunci dai, na ba da kuɗin ɗan akuya."

Sai Mantau ya tsallake ƙafafun dattawa ya fizge bakan daga hannun baƙo.

"Mantau, ajiye, kada ka kunyata ni," in ji Tabawa.

"Ya taɓa, Yaya." Ya danna, ya ɗaga sama kowa ya gani. "Da safe gindin farce ne. Yanzu yatsan ya nutse duka. Ga ƙullin ma an zame shi."

Nomau ya shiga gyara hularsa da ba ta karkace ba. Tabawa ta karɓa ta ja ƙullin, Mantau ya auna, ta miƙa wa Nomau. "Sake gogawa, sarkin zumunci." Ya goga. Muryar ta tashi siririya, tsaf, har wata tsohuwa a bayan katanga ta rangaɗa guɗa.

"Ɗazu tumaki biyu ne," in ji Tabawa. "Yanzu sai ka haɗa da ɗan akuyan naka."

Nomau ya yi dariyar yaƙe, ya amince. Tabawa ta ɗauki bakan da hannu biyu ta miƙa masa, ya kawo hannu ke nan Mantau ya sake fizgewa.

"Yanzu kuma me?"

"Kin taɓa, Yaya."