Makullin Rijiyar Garinmu a Aljihuna

Ba zan taɓa mantawa da wata Asabar a garin Upper Marlboro na Amurka ba, kuma bai kamata in manta ba.

Ni direba ne a garin Sterling, nan Amurka, ina jigilar fasinjojin filin jirgi. Ƙungiyarmu ta 'yan Arewa ta haƙa wa ƙauyenmu rijiyar burtsatse mai aiki da hasken rana, aka tura ni gida bikin buɗe ta. Na sha babbar riga, na sha hotuna, na garƙame ɗakin injin da kwaɗo don kada a yi ɓarna, na dawo abina.

Bayan wata takwas, a wannan Asabar ɗin, aka yi taro a gidan Dakta, shugabanmu, a Upper Marlboro. Ana idar da azahar na miƙe gaban likitoci da injiniyoyi (ni da ko sakandare ban ƙarasa ba) ina cika baki cewa garinmu ya yi ban kwana da ruwan kududdufi.

Dakta ya ce, "Malam, kira mana gida ta bidiyo mu ga abin alheri."

Na kira babbar yayata, Hajara, aka haɗa wayar da talabijin. Sai ga ta da jarka a bakin kududdufi, shanu na sha a bayanta.

"Yaya, ina wuni? Me ya kawo ku nan?"

"Lafiya lau, Auta. Ai kwana tara ruwan ya yi ya tsaya. Mai gyara ya ce abu kaɗan ne, amma ɗakin a kulle yake. Maigari ya ce ba a fasa kayan mutanen Amurka sai da izininsu. Na yi ta aiko maka saƙon murya."

Na ga saƙonnin. Ban buɗe ko ɗaya ba, na ɗauka roƙo ne (Allah Ya yafe mini).

Dakta ya ce, "Hajiya, ya yaran gari?"

"Mun binne biyu da damina, amai da gudawa. Kwanansu ne ya ƙare."

Ko sunana ba ta ambata ba. Da ta zage ni, da na fi samun sauƙi.

Dakta ya juyo. "Malam, ina makullin?"

Na laluba aljihu na fito da shi, yana reto jikin makullin motata. 

A ranar aka ba da izini. Guduma ɗaya aka buga wa kwaɗon.

Yanzu kowane saƙon gida ya shigo, sai na tsaya gefen titi na saurare shi har ƙarshe, ko da gaisuwa ce. Amma in ka ba mutane ruwa ka riƙe makulli, hoto kawai ka ba su.