Rasuwar Ƙafar Kalmasa ta Keken Mama Eulalie

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kunya kuma, ni Odile Thibodeaux ta garin Abbeville nake sanar da 'yan uwa da abokan ɗinki rasuwar Ƙafar Kalmasa, 'yar ƙarfen nan mai naɗe bakin yadi, wadda ta shekara sittin da ɗaya tana hidima a keken ɗinkin mahaifiyata, marigayiya Eulalie. Ƙafar ta cika ranar Laraba da hantsi, tana bakin aiki.

Marigayiyar ba ta kai ɗan yatsa ba, amma duk gidan nan babu mai haƙurinta. A ba ta bakin yadi, ta naɗe shi sau biyu a murɗaɗɗen harshenta, ta miƙa wa allura. Ba ta taɓa tauna leshi ba. Maganarta ɗaya ce, tik-tik-tik, sai in ta hau kan haɗin ɗinki ta ce ƙwas, ta wuce. Ita ta kalmashe rigar baftismar da aka sa mini, aka sa wa 'ya'yana huɗu, wadda jikata Noémie za ta sa ranar Lahadi. Bakin rigar ya tsufa, na yanke shi, muna sabuwar kalmasa ajali ya zo.

Ba ta yi jinya ba. Ni na ja mata. Mama ta sha gaya mini, "Odile, zare fil kafin ki taka." Na bar guda ɗaya don gaggawa, allura ta sare shi, harshen marigayiyar ya lanƙwashe. Mijina Clovis ya ɗauko filaya ya ce, "Kawo nan, 'yar matsala ce." Harshen ya ɓalle a hannunsa. Ban yi masa faɗa ba, ban dai yi masa magana ba tukuna.

Ta bar ƙannenta biyu, Ƙafar Zik da Ƙafar Leshi, da kwarkwaro shida, da tsohon keken da ba ya karɓar baƙuwar ƙafa. An daina ƙera irinta tun ina budurwa.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da ƙarfe huɗu, a gwangwanin biskit da Mama ke tara maɓallai. Akwai gumbo, miyar kuɓewarmu, bayan addu'a. Kada a kawo fure.

Rabin kalmasar da ya rage da hannu zan ƙarasa shi, ga shi hannun rawa yake yi yanzu. Wanda ya ɗauki Noémie a coci, ya ga inda layin ya fara karkacewa, kada ya ce komai. Nan ne Mama ta daina taya ni ɗinki.