Agogon Mai Aski Ya Riga Mu Gidan Gaskiya

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda duk da haka take bugawa daidai bisa shaidar likita, mai askin bakin tasha yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki da duk wanda ya taɓa miƙa masa ƙeya cewa agogonsa na hannu ya rasu ranar Talata da hantsi, yana da shekara huɗu da wata biyu.

Marigayin ya shigo gidan ne ta hannun babbar 'yar mai askin, ma'aikaciyar jinya, wadda ta ɗaura wa mahaifinta shi da ƙarfin tsiya. "Baba, wannan zuciyarka zai riƙa saurare," in ji ta. Ya ce shi a saninsa lokaci agogo yake faɗa, ba gulma ba.

Sati uku da zuwansa, mai askin yana tsakiyar gyara wa wani direba gemu, marigayin ya ce zzzt, zzzt. Mai askin ya share shi. Marigayin ya sake cewa zzzt, ya rubuta a fuskarsa cewa bugun zuciya ba ya tafiya daidai, sannan ya kai ƙara wayar 'yar. Kafin a share kumfa sai ga ta da kayan aiki a jikinta. Ta tasa ƙeyar uban zuwa asibiti, aka bar direba da rabin gemu.

Likita ya manna masa wayoyi a ƙirji, na'ura ta fito da doguwar takarda mai zane hawa da sauka. Ya duba ya ce, "Baba, zuciyarka tana tuntuɓe. Da an bar ta haka, jini zai iya dunƙulewa ya toshe jijiyar kai, ɓarin jiki ya shanye." Aka ɗora shi a kan magani. Tun daga ranar yake goge marigayin da tawul ɗin manyan baƙi.

Kowa ya shaidi marigayin da gaskiya, sai dai ba ya rufa asiri. In za a buga fanareti, zzzt. In surukar mai askin ta yi sallama, zzzt zzzt, a gaban kowa. Ranar da mai askin ya ce wa mai ɗakinsa a ƙafa ya je kasuwa, marigayin ya nuna taku ɗari biyu da shida.

Ciwon batir ne ya fara kwantar da shi: a cika shi da safe, kafin azahar ya suma. Ranar Talata madauri ya tsinke, ya faɗa bokitin ruwan zafi. Mai gyaran waya ya buɗe shi, ya hura, ya girgiza kai ya ce, "Maigida, sai haƙuri." Kalmar marigayin ta ƙarshe ita ce zt.

Ya bar caja ɗaya, da rabin madauri, da waya wadda har yanzu take nemansa, da zuciya guda mai shekara sittin da ɗaya.

Za a yi masa sutura da sabon hankici gobe da la'asar, a kwantar da shi a aljihun tebur na ƙasa, kusa da tsofaffin almakasai. Ana karɓar gaisuwa a shago, kuma ana roƙon masu zuwa kada su zo da labari mai firgitarwa. Kafin a samu magaji, mai ɗakin mai askin ce take riƙe masa wuyan hannu kowace safiya tana ƙirga bugun, ta ce da ta riƙe yake ƙaruwa. Saboda haka mai askin yana roƙon 'yarsa kada ta yi gaggawar kawo sabo.