Ranar da Na Ari Lambar Manjo

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na zama jarumi na minti goma ba.

Taubashina Nasiru manjo ne a sojan ƙasa. An yi musu kwanton ɓauna a daji, ya koma cikin ruwan harsashi ya goyo wani sojansa, Sani, da aka harba. Sojan ya cika kafin a kai asibiti. Da aka ba Nasiru lambar yabo, sai muka haɗa masa walima a gidansa na Arkilla.

To, kun san wasan taubasai. Ina zuwa na tarar ya tuɓe kaki, ya sa jallabiya yana raba wa baƙi fura. Na ɗauke lambar na maƙala a babbar rigata.

"Ni na koya maka jarumta," na ce. "Ka manta ranar da zakara ya kore ka?" (Ni zakaran ya kora. Har yau da tabon.)

Ya yi dariya ya ƙyale ni. Na harɗe a ƙofar gida, tumbi gaba, ina ba abokai labarin yadda na tarwatsa runduna guda da takalmi ɗaya.

Sai ga wata tsohuwa, ashe tun daga Kwalkwalawa take. Ta dubi ƙirjina, ta durƙusa.

"Kai ka goyo Sanina?" ta ce. "An ce ga bayanka ya cika. Abu guda ya kawo ni, ɗana. Ya samu yin kalmar shahada?"

Na kai hannu in cire lambar, allurarta ta sarƙe a aikin riga. Ina ja, ina gumi, tana jira.

Nasiru ya ajiye ludayi, ya zo ya durƙusa gabanta.

"Ni ne, Inna. Ya yi, da kunnena na ji. Ya kuma ce ki yafe mishi."

Ta daɗe tana share ido da bakin mayafi. Can ta nuna ni: "To wanga hwa?"

"Shi ka riƙa min ita, Inna. Nauyi gare ta."

Har gobe ina ƙwace wa Nasiru hula, da turare, da naman da ke gabansa. Amma ko maɓalli na gani yana ƙyalli a rigarsa, hannuna aljihu yake komawa.