Masarar Surukina a Cikin Sifika

Ba zan taɓa mantawa ba da safiyar sunan ɗana na fari a Gammo, domin ranar ce na tona wa kaina asiri da abin da na fi ƙauna a ɗakina.

Ni malamin firamare ne a Gwarzo, kuma ina da wata lalura, wato son kayan sauti. Wasu kaji suke kiwo, ni sifikoki nake tarawa. Albashina kuwa kafin tsakiyar wata ya yi mana sallama, don haka abin da ke riƙe da gidanmu shi ne masarar da surukina yake aiko mana duk kaka daga gonarsa.

A shekarar, matata Rabi ta tafi gidansu da ke Gammo haihuwa. Ina zaman kaɗaici sai na hango wata ƙatuwar sifika a shagon Sale mai gyaran rediyo. Ya kunna min, na ji kiɗa har cikin haƙarƙarina. Ba ni da ko sisi, amma Sale ya ce ai ba sai kuɗi ba, yana karɓar hatsi. Washegari aka kwashe buhunan Baba, wato surukina, ni kuma na gaya wa Rabi a waya cewa na kai su ajiya saboda ɓeraye (har godiya ta yi min, Allah ya yafe min).

Ranar suna na aro janareta, na ɗauki sifikar har Gammo, wai don kowa ya ji addu'ar liman. Na haɗa ta da wayata na sa karatu. Dattawa sun cika tabarmi, ana rabon goro, Baba yana zaune a tsakiya, ni kuma ina ta hura hanci ina murɗa maɓalli kamar ni na ƙera ta.

Sai saƙon murya ya shigo. Na manta shaf wayar tana haɗe da sifika, na danna.

"Malam, Sale ne. Masarar surukin nan naka da ka ba ni a bakin sifika, buhu ɗaya duk ƙwari ne. Ko ka canza min, ko in zo in ɗauke kayana."

Wallahi ban taɓa jin muryar mutum ta fita tas haka ba. Har mata a cikin gida sun ji, don nan take hayaniyarsu ta ɗauke. Yatsana ya kasa gano maɓallin da nake taƙama da shi. Liman ya sunkuyar da kai yana ta jan carbi.

Baba bai ɗaga murya ba. Ya dube ni ya ce, "Malam, gaya masa masarata ba ta ƙwari. Ya duba wurin ajiyarsa." Sannan ya ce wa liman a ci gaba da addu'a. Da marina ya yi, da ya fi min sauƙi.

Na ɗauka daga ranar masara ta ƙare mana, amma Baba bai daina aikowa ba. Sai dai yanzu niƙaƙƙiya take zuwa, kaɗan-kaɗan, kuma a hannun Rabi ake damƙa ta, don ya san babu mai ba da sifika a bakin garin masara. Idan na kunna kayana, Rabi takan ce in ƙara sauti ta ji yadda masarar babanta take waƙa.

Abin da na koya shi ne, duk ƙarfin sifika ba ta cika ciki. In kuma dole sai ka ci amanar suruki, to ka sayi abin da ba ya magana.